Gunpei Yokoi: Mai gyaran injin kati da ya sa wasan kwamfuta a aljihun duniya

A shekarar 1965 wani kamfanin buga katin wasa da ke birnin Kiyoto na ƙasar Japan ya ɗauki wani matashi ɗan shekara 23 aiki. Aikin ba mai tashe ba ne: duba wayoyin lantarki na masana'anta da gyaran injinan da ke buga kati idan sun tsaya. Sunan kamfanin Nintendo, sunan matashin kuwa Gunpei Yokoi. Lokacin da ya ajiye aiki bayan shekara 31, kamfanin ya riga ya zama ɗaya daga cikin jagororin masana'antar wasannin kwamfuta ta duniya, kuma kaso mai tsoka na kayan da suka kai shi can daga sashen wannan mai gyaran inji suka fito.

Ɗalibin da ke mafarkin ƙera wasannin kwamfuta a yau yakan tsinci kansa a mararraba. Ko ya karanci rubuta manhaja, ko zane, ko sauti, ko tsara dokokin wasa, ko kuwa injiniyancin na'urar da wasan ke gudana a kanta. A zamanin Yokoi babu jami'ar da ke koyar da ƙera wasa, domin sana'ar ma ba a haife ta ba tukuna. Duk da haka rayuwarsa ta ƙunshi amsa mai amfani ga wannan tambaya, kuma amsar ta haɗa da abin da ba kasafai ake faɗa wa ɗalibai ba: wanda ya yi aikin da wanda ya mallake shi ba lallai su zama mutum guda ba.

Digirin da bai buɗe ƙofar da ake so ba

An haifi Yokoi ranar 10 ga Satumba, 1941, ya kuma tashi a Kiyoto. Ya karanci injiniyancin lantarki a Jami'ar Doshisha da ke birnin. A wancan lokacin Japan na tsakiyar bunƙasar masana'antu, kuma burin duk wanda ya karanci wannan fanni shi ne ya shiga ɗaya daga cikin manyan kamfanonin da ke ƙera rediyo da talabijin. Yokoi ma can ya nufa, sai dai sakamakonsa na jami'a bai kai ba, kamfanonin ba su ɗauke shi ba. Haka ya ƙare a Nintendo, kamfanin da ke kusa da gida wanda abokan karatunsa ba za su ɗauke shi wurin alfahari ba.

Fusajiro Yamauchi ne ya kafa Nintendo a 1889 domin yin hanafuda, wato katin wasan gargajiya na Japan mai zanen furanni. Hiroshi Yamauchi, wanda ya karɓi ragamar kamfanin a 1949 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya samu riba mai yawa bayan yarjejeniyar da ya ƙulla da Disney a 1959 ta buga hotunan taurarin katun a kan kati. Amma zuwa tsakiyar shekarun 1960 kasuwar kati ta cika ta tumbatsa, ciniki ya ja baya. Yamauchi ya gwada harkar tasi, ya gwada sayar da shinkafa mai saurin dahuwa, babu wadda ta ɗore. Kamfanin da Yokoi ya shiga kamfani ne da ke lalube cikin duhu.

Aikin gyara yana barin mutum da lokaci mai yawa idan injina na tafiya daidai. Yokoi, wanda tun yana yaro yake sha'awar haɗa ƙananan jiragen ƙasa na wasa, ya riƙa amfani da kayan aikin masana'antar yana ƙera abubuwan nishaɗi. Ɗaya daga cikinsu wani hannu ne mai sanduna da aka harɗe, wanda ke miƙewa ya cafko abu daga nesa idan an matse mariƙinsa. Wata rana Yamauchi ya gan shi da shi, ya sa aka kira shi ofis. Yokoi ya tafi yana zaton faɗa za a yi masa, sai ya tarar da umarnin ya mayar da abin haja. A 1966 aka fitar da shi da sunan Ultra Hand, aka sayar da fiye da miliyan ɗaya. Daga nan aka ɗauke shi daga gyaran inji aka ba shi aikin ƙirƙirar kayan wasa.

Babu lantarki ko kaɗan a cikin Ultra Hand. Abin da ya fitar da Yokoi daga ɗakin gyara shi ne abin da ya ƙera da hannunsa, wanda shugaban kamfani ya gani da ido, ya taɓa, ya gane cewa zai sayu.

Inda karatun ya fara biyan kuɗinsa

Ilimin jami'ar bai tafi a banza ba, jiran lokacinsa kawai yake yi. A 1969 Yokoi ya fitar da Love Tester, wata 'yar na'ura da mutum biyu ke riƙe wayoyinta tana nuna lamba, wadda a zahiri awon yadda lantarki ke ratsa fata kawai take yi. Tana cikin kayan lantarki na farko da Nintendo ya sayar. Ba da jimawa ba wani injiniya na kamfanin Sharp mai suna Masayuki Uemura ya zo tallan ƙananan ƙwayoyin da ke mayar da hasken rana lantarki. Yokoi ya dube su ta wata fuska dabam: abin da ke jin haske zai iya zama abin bara. Daga nan aka samu bindigar wasa mai harba haske a 1970, wadda idan haskenta ya sauka a kan ƙwayar sai kwalba ta tarwatse ko zaki ya yi ruri. Uemura kansa ya bar Sharp ya dawo Nintendo.

A 1972 ya yi wata motar wasa da ake tuƙawa daga nesa mai suna Lefty RX. Motocin irinta na da tsada saboda yawan kayan da ke cikin na'urar sarrafa su. Yokoi ya lura cewa tseren mota a zagaye ake yinsa, don haka ya bar wa motar juyawa hagu kaɗai. Farashi ya sauko zuwa inda iyaye za su iya saye.

A 1973 kamfanin ya faɗaɗa bindigar hasken zuwa babban wasan harbi da aka girka a zaurukan wasan gara ƙwallo waɗanda yayinsu ya wuce aka bar su ba kowa. An fara da cika maƙil, sai rikicin man fetur na wannan shekara ya auko, lokacin da ƙasashen Larabawa suka rage fitar da mai bayan yaƙin watan Oktoba. Japan, wadda kusan duk manta daga waje take sayowa, ta shiga matsi, masu oda suka janye, Nintendo ya faɗa cikin bashin da ya ɗauki shekaru yana biya. Yokoi ya ga yadda shawarar da aka yanke a wata nahiya ke iya rushe aikin injiniya komai kyansa.

Kalkuleta a cikin jirgin ƙasa

Abin da ya fitar da kamfanin daga bashin ya faro ne daga wata 'yar lura. Kamar yadda Yokoi ya bayar da labari daga baya, yana cikin jirgin ƙasa mai tsananin gudu ya ga wani ma'aikaci yana danne-dannen kalkuleta don kashe lokaci. Ya yi tunanin abin wasa ƙarami da babban mutum zai riƙe a tafin hannu ba tare da ya ji kunyar jama'a ba. A lokacin kamfanonin Sharp da Casio sun shafe shekaru suna gasar karya farashin kalkuleta, abin da ya sa fuskar LCD da ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ta suka yi arha, masu ƙera su kuma na neman sabuwar kasuwa.

A watan Afrilu na 1980 aka fitar da Game & Watch, wasa guda a kan fuska irin ta kalkuleta, haɗe da agogo. Na farkonsu, Ball, ɗan mutum ne ke cafe ƙwallaye. An ci gaba da fitar da su har 1991, kimanin iri sittin, aka sayar da miliyan 43.4 a faɗin duniya. A 1982, da aka zo mayar da wasan Donkey Kong kan wannan na'ura, sai aka buƙaci hanyar motsa ɗan wasa sama da ƙasa, dama da hagu, ba tare da sandar da za ta hana a rufe murfi ba. Sashen Yokoi ya fito da maɓalli shimfiɗaɗɗe mai siffar alamar tarawa, wanda babban yatsa kaɗai ke sarrafawa. Har yau da wuya a ga na'urar wasa da babu wannan maɓalli ko jikansa.

A nan ne tsarin tunaninsa ya fito fili, wanda ya bayyana a wani littafin hira da aka buga a 1997. Gundarinsa shi ne a ɗauki fasahar da ta tsufa, wadda aka riga aka san halinta da lahaninta, farashinta kuma ya faɗi, a nema mata aikin da ba a taɓa ba ta ba. Sabuwar fasaha na da tsada, tana da matsalolin da ba a gano ba, kuma takan ja hankalin injiniya ya manta da wanda zai yi amfani da abin. Wannan tunani ba ya yiwuwa ga wanda bai san kayan aiki ciki da bai ba. Sai wanda ya san abin da fuskar kalkuleta za ta iya da abin da ba za ta iya ba ne zai hango wasa a cikinta.

Wasa ɗaya, fannoni da yawa

Wanda ya dubi mutanen da suka kewaye Yokoi zai ga taswirar fannonin da ɗalibin yau ke zaɓa a cikinsu. Shigeru Miyamoto ya karanci zanen kayan masana'antu a Kanazawa, ya shiga Nintendo a 1977 a matsayin mai zane, kuma ba mai rubuta manhaja ba ne. Hirokazu Tanaka ya karanci lantarki, ya shiga a 1980, ya zama mai haɗa sauti da kiɗa. Sanin yadda ƙwayar sauti ke aiki shi ya ba shi damar fitar da kiɗa daga na'urar da ke da 'yan muryoyi ƙalilan. Yoshio Sakamoto daga jami'ar fasahar zane ta Osaka ya fito, ya kuma zama ɗaya daga cikin ginshiƙan wasan Metroid na 1986, wanda Yokoi ya jagoranci samar da shi. Satoru Okada injiniyan na'ura ne da ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Yokoi tun daga Game & Watch. A wajen kamfanin kuma akwai Satoru Iwata, wanda ya karanci kimiyyar kwamfuta a Tokiyo, ya riƙa rubuta wa Nintendo manhajar wasanni daga kamfanin HAL, har ya zama shugaban Nintendo a 2002.

Babu ɗaya daga cikinsu da ya karanci ƙera wasa. Kowannensu ya shigo da sana'a guda da ya iya sosai, sannan ya koyi yaren sauran.

Yadda hakan ke aiki ya bayyana a 1981. Reshen Nintendo na Amurka ya yi odar akwatunan wani wasa mai suna Radar Scope, irin waɗanda ake jefa wa sulalla a shaguna, sai kasuwa ta ƙi su, kimanin dubu biyu suka yi kwantai a sito. Yamauchi ya ɗora wa Miyamoto alhakin ƙirƙiro sabon wasa da zai gudana a cikin waɗannan akwatuna, ya sa Yokoi ya kula da shi. Miyamoto na kawo labari da siffofi, Yokoi na faɗa masa abin da injin zai iya ɗauka da abin da zai gagare shi. Sakamakon shi ne Donkey Kong, wasan da ya fara fito da ɗan wasan da daga baya aka sa wa suna Mario. A wasan Mario Bros. na 1983, Yokoi ne ya ba da shawarar a bar Mario ya diro daga sama ba tare da ya mutu ba, kuma wannan 'yancin tsalle ya zama tushen duk wasannin Mario da suka biyo baya.

Akwai kuma wani ɓangare na labarin Donkey Kong da ba a cika ambata ba. Nintendo ba shi da isassun masu rubuta manhaja a lokacin, don haka ya ba kamfanin Ikegami Tsushinki kwangilar rubuta ta. Da wasan ya karɓu, sai rigima ta ɓarke kan wanda ya mallaki manhajar. Ikegami ya kai ƙara kotu a 1983, aka shafe shekaru ana shari'a kafin a sasanta a 1990. Kamfanin da ya mallaki suna da siffofin wasan ya gano cewa rashin fanni guda a cikin gida ya bar shi a hannun wani.

Game Boy da darajar batir

A 1983 sashen Uemura ya fitar da Famicom, na'urar wasa ta gida da ake jona wa talabijin, wadda ta ari maɓallin nan mai siffar tarawa. Sashen Yokoi ya samar mata da wasanni irin su Duck Hunt da Kid Icarus, da ɗan mutum-mutumin R.O.B. wanda ya taimaka aka shigar da na'urar shagunan Amurka a 1985 a matsayin kayan wasan yara, bayan da kasuwar wasannin bidiyo ta can ta durƙushe a 1983 har 'yan kasuwa suka daina son jin sunanta.

Babban aikinsa ya fito ranar 21 ga Afrilu, 1989. Game Boy na'ura ce ta hannu da ake canza wa kaset, mai fuska marar launi wadda ke nuna inuwa huɗu kacal a kan kore-kore, babu fitila a bayanta. An sayar da ita yen 12,500 a Japan, kimanin dala 90 a Amurka. Ko a cikin sashen ba a rasa saɓani ba. Yokoi ya fi karkata ga abin wasa mai sauƙi irin Game & Watch, Okada kuwa ya matsa a yi na'ura mai ƙarfi da za ta yi kama da Famicom. Abin da ya fito ya ɗauki rabo daga kowannensu, kuma kan batun fuska marar launi Yokoi bai sassauta ba.

Dalilinsa lissafi ne na injiniya. Fuskar launi ta wancan zamani sai da fitila a bayanta, fitilar kuma cin batir take yi. Abokan hamayya sun bi ɗaya hanyar. Atari ya fitar da Lynx a 1989, Sega ya fitar da Game Gear a 1990, dukkansu masu launi, dukkansu na cin batir shida su cinye cikin 'yan sa'o'i da ba su wuce biyar ba. Game Boy na ɗaukar batir huɗu ya kai sa'o'i goma sha biyar ko fiye. Yaron da ke cikin mota a doguwar tafiya, da uban da ke sayen batir, su suka yanke hukunci. Game Boy tare da ƙaninsa mai launi da ya fito a 1998 sun sayu har miliyan 118.69.

Wasan da ya fi tallata na'urar shi ne Tetris, wasan jera bulo da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a tsakiyar shekarun 1980 yana ma'aikaci a cibiyar kwamfuta ta Kwalejin Kimiyya ta Tarayyar Sobiyet da ke Mosko. Da yake a ƙarƙashin gwamnati ya yi aikin, wata hukumar gwamnati mai suna Elorg ce ta sayar da lasisinsa, kuma Pajitnov bai fara karɓar ladan ƙirƙirarsa ba sai a 1996. A ɓangaren jari-hujja ma lamarin bai yi nisa da haka ba. Yokoi ma'aikacin albashi ne, abin da sashensa ya ƙirƙira na kamfani ne. Takardar shaidar ƙirƙirar maɓallin tarawa da aka yi wa rajista a Amurka mallakar Nintendo ce, sunan da ke kanta a matsayin maƙirƙiri kuwa na wani ma'aikaci ne, Ichiro Shirai, wanda ba kowa ya san shi ba. Tarihi yakan tattara aikin mutane da yawa ya rataya wa mutum guda, riba kuma ta tafi wani wuri na uku.

Faɗuwar Virtual Boy

A farkon shekarun 1990 Yokoi ya damu da inda masana'antar ta dosa. Gasar ta koma ta ƙarfin inji da kyan hoto, wasanni na ƙara wuya, mutanen da ba 'yan gani-kashe-ni ba suna ja da baya. Ya nemi wani abu dabam, ya same shi a wata fasahar nuna hoto ta kamfanin Reflection Technology na jihar Masachusets a Amurka: layin ƙananan fitilu ja da madubi mai kaɗawa da sauri, wanda ke zana hoto a gaban ido. Idan aka ba kowane ido nasa, sai mutum ya ga abu da zurfi kamar zai taɓa shi.

Matsaloli suka biyo baya. Saboda fargabar lafiya da haɗari, abin da aka so a ɗaura a kai ya koma na'urar da ake girkewa a kan tebur mutum ya sunkuya ya leƙa. Ja da baƙi kaɗai take nunawa, domin jan fitila ce mai arha. Masu wasa suka riƙa kukan ciwon kai da gajiyar ido, kuma wanda ke gefe ba ya ganin abin da ake yi, balle talla ta iya nuna shi a talabijin. Hankalin kamfanin da ƙwararrunsa kuma sun karkata ga Nintendo 64 da ake shiryawa. An fitar da Virtual Boy a watan Yuli na 1995 a Japan, a watan Agusta a Amurka kan kimanin dala 180. Wasanni 22 kacal aka yi mata, aka sayar da kimanin 770,000, aka daina yin ta cikin ƙasa da shekara guda. Ba ta ma isa Turai ba.

Abin lura shi ne cewa a wannan karon fasahar ba tsohuwa ba ce da aka san halinta. Sabuwa ce da ba a gwada ta a hannun jama'a ba. Mutumin da ya gina sunansa a kan lura da yadda mutane ke zama da yadda suke riƙe abu ya fitar da na'urar da ke tilasta wa mutum zaman da jiki ba ya so.

Yokoi ya tsaya ya kammala Game Boy Pocket, ƙaramin samfuri mai fuska mafi kyau da ya fito a watan Yuli na 1996 ya kuma karɓu. A wannan shekarar ce wasan Pokémon, wanda ya dogara da igiyar da ke haɗa Game Boy biyu domin musayar halittu, ya sake farfaɗo da na'urar mai shekara bakwai. A watan Agusta ya ajiye aiki. Jaridu suka danganta tafiyarsa da faɗuwar Virtual Boy, shi kuwa ya bayyana cewa tun da daɗewa yake da niyyar barin aiki idan ya kai shekara hamsin domin ya koma ƙirƙirar ƙananan abubuwa yadda yake so, kamfanin ma ya musanta cewa korarsa aka yi.

Ya kafa nasa kamfani mai suna Koto a Kiyoto, ya shiga aiki da kamfanin Bandai kan wata sabuwar na'urar hannu. Ranar 4 ga Oktoba, 1997, motar da yake ciki ta yi karo da wata babbar mota a kan babban titin Hokuriku da ke lardin Ishikawa. Ya fito domin duba ɓarnar, sai wata motar da ke wucewa ta buge shi. Ya mutu a asibiti yana da shekara 56. Na'urar da ya fara, WonderSwan, ta fito a watan Maris na 1999, fuskarta marar launi, tana aiki da batir guda ɗaya na tsawon sa'o'i da dama, kuma an sa wa ɗaya daga cikin wasanninta na farko suna Gunpey don tunawa da shi. A 2003 taron masu ƙera wasanni na duniya ya ba shi lambar yabo ta aikin rayuwa.

Abin da ɗalibi zai ɗauka

Masana'antar ta sauya ƙwarai tun bayan mutuwarsa. Babban wasa a yau yakan ci ɗaruruwan ma'aikata, kowa da ɗan yankinsa: wannan hasken hoto kaɗai yake yi, wancan motsin jiki, wani kuma sadarwar da ke haɗa 'yan wasa ta intanet. A ɗaya gefen, manhajojin gina wasa irin su Unity da Unreal da Godot sun sa mutum biyu ko uku na iya fitar da wasa daga ɗaki guda. A duka ɓangarorin biyu, tambayar da ake yi wa mai neman shiga ita ce wadda Yamauchi ya amsa wa kansa da ya ga hannun katakon nan: me ka ƙera, kuma yana aiki?

Rayuwar Yokoi na nuna cewa fannin da ya fi dacewa shi ne wanda mutum zai iya zurfafawa a cikinsa har ya san iyakokinsa, domin a bakin iyakar nan ne dabara ke fitowa. Tana kuma nuna amfanin zaɓen fannin da ke da rai ko a wajen wasa. Lantarki ya ciyar da shi tun kafin a san za a yi masana'antar wasan kwamfuta, kamar yadda rubuta manhaja ko zane ko haɗa sauti za su ciyar da mai su a ranar da kamfanonin wasa ke sallamar ma'aikata, abin da suka yi da dubbai a 2023 da 2024. Tsara wasa, wanda shi ne burin mafi yawan matasa, a wurin Yokoi da Miyamoto ya zo ne a bayan wata sana'ar da suka riga suka riƙe.

Ga matashin da ke aiki da tsohuwar kwamfuta, inda wuta ke zuwa ta ɗauke, kuma mutanen da yake son su yi wasansa ƙananan wayoyi ne a hannunsu masu ƙaramin ma'aji da tsadar data, lissafin da ya haifi Game Boy ba baƙon abu ba ne. Nawa abin zai ci, awa nawa batir zai yi, wa zai iya saye. Wanda ya iya amsa waɗannan tambayoyi yana da ilimin da ba kowane injiniya a manyan kamfanoni ke da shi ba.

Sai kuma darasin da ke cikin shari'ar Ikegami, da shekarun da Pajitnov ya yi ba lada, da sunan Shirai da ya ɓace a bayan na ubangidansa. Duk fannin da ɗalibi ya zaɓa, akwai takardar da za a miƙo masa ranar da aikinsa ya fara daraja, wadda za ta fayyace wanda ya mallaki manhajar, da zanen, da sunan. Sanin abin da ke cikin wannan takarda kafin a sa hannu yana cikin karatun sana'ar, ko da ba a saka shi a manhajar jami'a ba.